Lissafin Ƙarfin Ja da Turi Tsakanin Cajin Lantarki: Dokar Kulom da Abin da Take Koya Mana





Gabatarwa

Babu wanda yake zaune a wannan zaure da bai taɓa gamuwa da abin da za mu tattauna a kansa yau ba. Idan hunturu ya kankama, mutum ya tuɓe rigar sanyi cikin duhun ɗaki, yakan ji ƙas-ƙas, har ya ga 'yan tartsatsi suna tashi. Wani kuma ya sauko daga mota, ya kai hannu zai rufe ƙofa, sai ya ji kamar an tsikare shi da allura a yatsa. Yara 'yan makaranta kuwa sukan goga biro a gashin kansu, su ɗauki gutsattsarin takarda da shi. Duk waɗannan aikin abu ɗaya ne, watau cajin lantarki wanda yake zaune a jikin abu, ba ya gudu cikin waya.

Nufina a wannan lacca shi ne in nuna yadda ake lissafa ƙarfin da caji ɗaya yake ja ko yake ture ɗan'uwansa da shi. Ɗalibai da yawa sun haddace ƙa'idar lissafin domin jarrabawa, amma idan amsa ta fito ba su san ko mai yiwuwa ce ko ba mai yiwuwa ba. Wannan hasara ce babba, domin wanda ya yi lissafin da hankalinsa a jikinsa zai tarar da wani abin mamaki: ƙarfin lantarki yana da girman da ya wuce misali, kuma duniya ba ta zauna lafiya ba sai don an daidaita caji iri biyu daidai wa daida a cikin kowane abu.

Caji Iri Biyu Ne

Tun zamanin da, mutanen Girka sun lura cewa akwai wani irin ƙaron itace wanda ya daɗe a ƙasa har ya daskare kamar dutse, idan aka goga shi da ulu sai ya riƙa jawo haki da gashin tsuntsu. Suna kiran wannan ƙaro elektron, daga nan ne kuma kalmarmu ta lantarki ta samo asali ta hanyar Turanci. Waɗanda suka yi karatun Larabci sun san ana ce wa lantarki kahraba'. Ita ma sunan wannan ƙaro ne da Farisanci, ma'anarta mai fizgar haki. A shekarar 1600 William Gilbert, likitan Sarauniyar Ingila, ya nuna cewa gilashi da ƙibiritu da wasu abubuwa da dama suna da wannan hali idan aka goga su.

A 1733 wani Bafaranshe mai suna Charles du Fay ya gano cewa cajin nan iri biyu ne: wanda ake samu a jikin gilashi daban, wanda ake samu a jikin ƙaro daban. Iri ɗaya idan suka haɗu sai su ture juna, iri dabam-dabam kuwa sai su jawo juna. Bayan haka Benjamin Franklin na Amurka ya laƙaba musu alamomin lissafi. Ya ba na gilashi alamar tarawa (+), na ƙaro kuma alamar ɗebewa (−), kuma da waɗannan alamomi ake aiki har yau.

Yanzu mun san inda cajin yake fitowa. Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. A tsakiyar kowace zarra akwai cibiya mai ɗauke da furoton, masu cajin tarawa, a kewayenta kuma akwai elektiron, masu cajin ɗebewa, waɗanda J. J. Thomson ya gano a 1897. Cajin furoton ɗaya daidai yake da na elektiron ɗaya, sai dai alamarsu ta saɓa. Idan aka goga biro a gashi ba a ƙirƙiri wani caji sabo ba, elektiron ne kawai suka yi ƙaura daga wannan zuwa wancan. Wanda ya samu ƙari ya zama mai alamar ɗebewa, wanda aka rage wa ya zama mai alamar tarawa.

Kulom da Ma'auninsa na Murɗi

Sanin cewa akwai ja da turi abu ne daban, sanin yawansu kuma daban. A 1767 Joseph Priestley ya lura cewa babu wani ƙarfin lantarki da ake ji a cikin cikin gwangwanin ƙarfe da aka yi wa caji, sai ya yi hasashen cewa ƙarfin yana raguwa da nisa kamar yadda jan nauyi yake raguwa a ƙa'idar da Isaac Newton ya wallafa a 1687. Henry Cavendish ya jarraba wannan ya same shi gaskiya, amma ya adana takardunsa bai buga ba, sai a 1879 James Clerk Maxwell ya fito da su. Don haka dokar ta ɗauki sunan wanda ya auna ya kuma sanar da duniya, watau Charles-Augustin de Coulomb, wanda ake furta sunansa Kulom.

An haifi Kulom a garin Angoulême na ƙasar Faransa a 1736, ya rasu a Faris a 1806. Injiniyan soja ne, ya kuma shafe shekaru yana aikin ginin ganuwar tsaro a tsibirin Martinik kafin ya koma gida ya duƙufa ga bincike. A 1785 ya gabatar wa majalisar masana kimiyya ta Faris sakamakon awon da ya yi da wata na'ura da ya ƙera.

Ga yadda na'urar take. Ya rataya siririyar wayar azurfa a cikin tukunyar gilashi. A ƙarshen wayar ya ɗaura wata 'yar sanda a gicciye, wadda ba ta ba lantarki hanya, a bakin sandar kuma ya maƙala ɗan ƙwallo mara nauyi, irin na totuwar kara. Sai ya shigo da ƙwallo na biyu ya kafe shi wuri ɗaya, ya sa wa dukansu caji iri ɗaya. Nan take na rataye ya guje wa na kafe, wayar ta murɗe. Tun da ya riga ya tabbatar cewa ƙarfin da waya take mayarwa yana tafiya daidai da yawan murɗin da aka yi mata, sai yawan murɗi ya zama ma'aunin ƙarfin turi.

Da fari ƙwallayen suka rabu da tazarar digiri 36, murɗin waya ma 36. Sai ya murɗa kan wayar daga sama domin ya tilasta musu kusantar juna. Da tazara ta koma 18, watau rabi, jimlar murɗi ta kai 144, watau ninki huɗu. Da ya kai murɗi wajen 576, ninki goma sha shida ke nan, tazara ta koma 8 da rabi. Lissafi ya ce kamata ya yi ta zama 9, sai Kulom ya danganta wannan rabin digiri ga cajin da ya zurare yayin da ake cikin awo. Ku lura, jama'a, bai ɓoye ɗan saɓanin ba, ya rubuta shi ya kuma nemi dalilinsa.

Yadda Dokar Take

Dokar Kulom ta ƙunshi magana uku. Ta farko, ƙarfin da ke tsakanin caji biyu yana ƙaruwa daidai da abin da aka samu idan aka ninka girman wannan da girman wancan. Ta biyu, yana raguwa bisa murabba'in nisan da ke tsakaninsu, murabba'i kuwa shi ne a ninka lamba da kanta. Ta uku, ƙarfin yana bin miƙaƙƙen layin da ya haɗa su, kuma da ƙarfin da na farko yake ture na biyu, da shi na biyu yake ture na farko, ko da ɗaya ya fi ɗaya girma. Ana rubuta ta haka:

F = k × q₁ × q₂ ÷ r²

Harafin F yana wakiltar ƙarfi, ana auna shi da niyuton. Domin ku ji shi a hannu, niyuton ɗaya ya yi kusa da nauyin giram 100, kilo ɗaya kuwa nauyinsa niyuton 9.8 ne. Haruffan q₁ da q₂ su ne girman cajin biyu, ana auna su da kulom. Kulom ɗaya shi ne yawan cajin da yake wucewa ta waya cikin daƙiƙa ɗaya idan lantarki mai amfiya ɗaya yana gudana. Harafin r shi ne nisa, da mita. Shi kuwa k lamba ce tsayayyiya, kusan 9 × 10⁹, watau biliyan tara, idan cajin suna cikin sarari ko cikin iska.

Cajin elektiron ɗaya ƙanƙane ne ainun. Robert Millikan ya fara auna shi da ɗigon mai a 1909, tun daga 2019 kuma aka tsayar da shi a kan 1.602176634 × 10⁻¹⁹ na kulom, aka mai da shi ɗaya daga cikin tubalan ma'aunan duniya. Ke nan sai an tara elektiron wajen 6.24 × 10¹⁸ kafin a sami kulom ɗaya. A ɗakin gwaji ba a cika wuce maikurokulom ba, watau kashi ɗaya cikin miliyan na kulom, wanda ake rubutawa 10⁻⁶.

Misali na Farko

Mu ɗauka akwai ƙananan ƙwallaye biyu, ɗaya yana da maikurokulom 2, ɗayan yana da 3, dukansu masu alamar tarawa, tsakaninsu santimita 30. Mataki na farko shi ne a mai da komai zuwa ma'aunin da doka take buƙata: caji ya zama 2 × 10⁻⁶ da 3 × 10⁻⁶, nisa ya zama mita 0.3. Mataki na biyu, a ninka cajin biyu, a sami 6 × 10⁻¹². A ninka wannan da 9 × 10⁹, a sami 0.054. Mataki na uku, a ninka 0.3 da kansa, a sami 0.09. A raba 0.054 da 0.09, amsa ta zama niyuton 0.6. Mataki na huɗu, wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi, shi ne a faɗi alkibla: tun da alamarsu ɗaya ce, turi ne, kowanne yana ingiza ɗan'uwansa baya. Girman ƙarfin ya yi kamar nauyin giram 60, misalin babban ƙwan kaza guda a tafin hannu.

To, yanzu mu matsar da su. Idan nisa ya zama santimita 60, ninki biyu, ƙarfi ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin huɗu zai koma, watau 0.15. Idan nisa ya koma 15, ƙarfi zai ninku huɗu ya zama 2.4. Idan kuwa aka bar nisa yadda yake aka ninka ɗaya daga cikin cajin biyu, ƙarfi zai ninku biyu kawai ya zama 1.2. Saboda haka matsar da caji ya fi ƙara masa girma tasiri.

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kurakurai uku ne suke yawan kayar da masu wannan lissafi. Na farko, barin nisa da santimita. Wanda ya sa 30 maimakon 0.3 zai raba da 900, amsarsa ta fito ƙasa da gaskiya sau dubu goma. Na biyu, manta ninka nisa da kansa. Na uku, shigar da alamomin tarawa da ɗebewa cikin lissafi, sannan a rikice a kan ma'anar alamar da ta fito. Shawarata ita ce ku lissafa girman ƙarfi da lambobi tsurarsu, sannan ku zana hoto, ku ja kibiya ku nuna inda ƙarfin ya dosa.

Idan Caji Sun Wuce Biyu

Doka ta yi magana a kan caji biyu ne kawai, to yaya za a yi idan sun kai uku ko goma? Gwaji ya tabbatar da cewa kowane caji yana yin aikinsa kamar sauran ba sa nan. Don haka sai a lissafa ƙarfin kowanne daban, sannan a haɗa. Amma haɗa ƙarfi ba kamar haɗa kuɗi ba ne, domin ƙarfi yana da girma yana kuma da alkibla. Mutum biyu masu jan igiyar sa, idan gefe ɗaya suke ƙarfinsu ya taru, idan kuwa suna fuskantar juna sai na ɗaya ya ci na ɗaya.

Mu kira ƙwallonmu mai maikurokulom 2 da suna A, mu ajiye shi a tsakiyar tebur. Mai 3 kuma mu kira shi B, mu ajiye shi santimita 30 yamma da A. Mun riga mun san B yana tura A gabas da niyuton 0.6. Yanzu mu kawo na uku, C, mai maikurokulom 4, shi ma santimita 30 daga A. Lissafi irin na ɗazu zai ba mu 0.072 a raba da 0.09, watau niyuton 0.8.

Idan C yana gabas kuma alamarsa tarawa ce, zai tura A yamma. Ƙarfin biyu sun yi karo, sai a ɗebe 0.6 daga 0.8, saura 0.2, yana fuskantar yamma. Idan C yana nan gabas amma alamarsa ɗebewa ce, zai jawo A zuwa gare shi. B na turawa, C na ja, duk gabas, jimla 1.4. Idan kuwa aka ɗauke C aka ajiye shi kudu da A, da alamar tarawa, zai tura A arewa, alhali B yana tura shi gabas. A nan sai a yi aiki da ƙa'idar Pythagoras ta alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa: murabba'in 0.6 shi ne 0.36, na 0.8 shi ne 0.64, jimlarsu 1, lambar da za a ninka da kanta ta ba da 1 kuwa ita ce 1. Amsa niyuton ɗaya, yana fuskantar arewa maso gabas, wajen digiri 53 daga gabas. Lambobi biyu ne ba su sauya ba, 0.6 da 0.8, amma sun ba mu amsa uku: 0.2, da 1.4, da 1. Wanda bai zana hoto ba, ta yaya zai san wadda zai ɗauka?

Sharuɗɗan Dokar

Kowace doka tana da hurumi, wannan ma haka. Sharaɗi na farko shi ne cajin ya kasance kamar ɗigo. Ba ana nufin lalle sai ya yi ƙanƙantar ɗigon alƙalami ba. Abin nufi shi ne girman abin da yake ɗauke da cajin ya zama ba a bakin komai ba idan aka gwada shi da nisan da ke tsakani. Matafiyin da ya hango gari daga nesa yana iya nuna shi da yatsa ɗaya, amma wanda yake bakin ƙofar garin ba zai iya ba. Ƙwallon da caji ya bazu a jikinsa bai ɗaya, ana iya ɗaukarsa kamar duk cajin yana tsakiyarsa. Amma idan ƙwallayen ƙarfe biyu suka kusanci juna ƙwarai, cajin kowanne yakan gusa ya taru a gefe guda, sai lissafin ɗigo ya daina dacewa.

Sharaɗi na biyu, cajin su kasance a tsaye. Idan suna gudu, ƙarfin maganaɗisu yakan shigo cikin maganar. Na uku, a san abin da yake tsakaninsu. Lambar k da muka yi aiki da ita ta sarari ce da iska. A cikin ruwa ƙarfin yakan ragu wajen sau 80, a cikin man girki kuwa wajen sau uku kawai. Wannan yana cikin dalilan da suka sa gishiri yake narkewa a ruwa amma ya zauna a gindin kaskon man gyaɗa, domin ja tsakanin caji ne yake riƙe da ƙwayar gishiri.

A cikin wannan hurumi dokar ta jure wa kowace jarrabawa. Da ita Ernest Rutherford ya yi lissafin da ya nuna a 1911 cewa zarra tana da cibiya. A 1971 kuma wasu masu bincike uku a Amurka, Williams da Faller da Hill, suka gwada ko lambar 2 da ke kafaɗar r tana da wani ɗan ƙari ko ragi, suka tarar idan ma akwai, to bai kai kashi ɗaya cikin 10¹⁵ ba.

Girman Wannan Ƙarfi

Yanzu mun iso zuciyar magana. Mu sa kulom ɗaya nan, kulom ɗaya can, mita ɗaya tsakani. Amsa ita ce k kanta, niyuton biliyan tara, nauyin fiye da tan dubu ɗari tara. Ba a iya tara irin wannan caji a jikin ɗan ƙwallo, domin tun kafin a kai nan iska za ta kasa riƙe shi, ya tsere ta hanyar tartsatsi. Walƙiyar da take tsaga bishiya da damina, cajin da take saukewa bai cika wuce 'yan gomomin kulom ba.

Mu gwada shi da jan nauyi. A cikin zarrar haidirojin akwai furoton ɗaya da elektiron ɗaya, tsakaninsu wajen 5.3 × 10⁻¹¹ na mita. Dokar Kulom ta ba da ja na 8.2 × 10⁻⁸ na niyuton. Jan nauyi tsakaninsu kuwa 3.6 × 10⁻⁴⁷ ne kacal. Ke nan ƙarfin lantarki ya ninka na nauyi fiye da sau 10³⁹, watau ɗaya da sifiri talatin da tara a bayansa.

Mai hankali zai tambaya, in haka ne, don me nauyi muke ji kullum, lantarki kuwa sai da hunturu? Amsar tana cikin lita ɗaya ta ruwan sha. A cikinta akwai elektiron wajen 3.3 × 10²⁶, jimlar cajinsu ta haura kulom miliyan 53. Amma akwai furoton masu wannan adadi daidai, sai wannan ya soke wancan, ruwa ya zauna shiru cikin kwalba. Mu ƙaddara a ce an cire elektiron ɗaya tak daga cikin kowane miliyan a kwalabe biyu, aka ajiye su mita goma tsakani. Kowace za ta rage da rarar kulom 53 da ɗoriya. A ninka wannan da kansa, a ninka da k, a raba da 100, sai a sami wajen 2.6 × 10¹¹ na niyuton, watau nauyin tan miliyan 26. Kashi ɗaya cikin miliyan ke nan na rashin daidaito.

Jan nauyi iri ɗaya ne, ja kawai yake yi, don haka yake taruwa har ya riƙe wata da taurari. Lantarki iri biyu ne masu soke juna, shi ya sa yake ɓuya. Amma bai tafi ko'ina ba. Shi ne yake ɗaure zarra da zarra, shi ya sa ƙarfe yake da tauri, igiya take riƙe guga, kujerun da kuke zaune a kai suke ɗauke da ku.

Abin da Ya Shafi Rayuwarmu

Mu koma ga biro da takarda. Takardar ba ta da rarar caji, to me ya jawo ta? Idan biro mai cajin ɗebewa ya matso, cajin da ke cikin takarda yakan ɗan gusa, na tarawa ya karkato kusa, na ɗebewa ya ja baya. Yawansu ɗaya, amma na kusa ya fi na nesa ƙarfi saboda murabba'in nisa, sai ja ya rinjayi turi. Irin wannan ja ne yake sa ƙura ta manne wa gilashi. Na'urar kwafe takardu da ke ofisoshinku, wadda Chester Carlson ya fara gwada dabararta a 1938, ita ma da jan caji take ɗora garin tawada a inda rubutu yake.

Dalilin da ya sa abin ya fi yawa da hunturu shi ne bushewar iska. Da damina laima takan kwanta a jikin abubuwa ta ba caji hanya ya zurare a hankali, shi kansa Kulom ya yi nazarin yadda danshi yake ɓarnatar da caji. Da hunturu babu wannan hanya, sai caji ya taru har ya yi tsalle. A ɗaki abin dariya ne, amma a wurin da tururin fetur yake, tartsatsi ɗaya ya isa ya ta da gobara. Fetur mai gudu cikin tiyo yana tara caji kamar yadda biro yake tarawa a gashi. Shi ya sa ake haɗa jikin tankar mai da ƙasa ta hanyar waya kafin a fara juye, kuma ake horon mutane su sauke jarka ƙasa kafin a zuba mata mai, kada a cika ta a bayan mota. Ya ku ma'aikata masu kula da ma'ajiyar mai da motocin gwamnati, idan kun ga ana sakaci da wannan waya, ku sani ba ado ba ce.

Kammalawa

Ya Shugaba, jama'a masu sauraro, abin da nake roƙon ɗalibai su tafi da shi gida shi ne tsari: ku mai da caji zuwa kulom, nisa zuwa mita, ku lissafa kowane ƙarfi daban, ku zana kibiyoyinsa, sannan ku haɗa. Idan amsa ta fito, kada ku yi saurin ja mata layi. Ku tambayi kanku, nauyin ƙwai ne wannan ko nauyin dutse, kuma ya dace da abin da aka ba ni? Ga wanda yake so ya gwada kansa a daren nan, ya ɗauki caji biyu masu alamar tarawa, ɗaya maikurokulom 1, ɗaya 4, santimita 30 tsakaninsu, ya nemo wurin da za a ajiye na uku a tsakaninsu har turin biyu su soke juna. Wanda ya same shi santimita 10 daga ƙaramin, to ya fahimci murabba'in nisa.